Zambon Jatau Ya Shiga Waya

Asabar, da hantsi

Sun yanka mini magana. Da wannan zan fara, don kada gobe wani ya ce tsufa ya sa na manta yadda abin ya taso. Ni ne Usaini na Balan, mai kirarin maharba. Ban yi boko ba, da ɗan ajamin da na tsira da shi daga allo nake rubutun nan.

Mudassir ne ya jawo, autana, malamin firamare a Gaya. Shi da abokansa suna da wata ƙungiya a waya, Taskar Bakin Manya suke ce mata. Wai 'yan sa-kai ne, amma ba irin masu gora da fitila ba. Su tsofaffi suke bi suna ɗaukar murya suna zubawa a wani shafi, don kada mu mutu da abin da muka sani. Ba mai biyan su. Da damina ya ajiye mini waya a gaba ya ce, "Baba, yi mana zambon Jatau yadda ake yin sa a fako." Na ce ba na mata da yara ba ne. Ya ce tarihi ne. Na yi masa shi cikakke.

Yau ya kunna mini abin da suka sa a shafin. Sun tsince ashar ɗin kaf, sun haɗe sauran, ko ɗinkin ba ka ji. Sai ga muryata a natse kamar mai karanta labarai: Jatau na Kwarin Baushe ya ji kukan kura ya zubar da baka, ya bar ƙaninsa da karyayyar ƙafa a daji.

Na ce, "Kai, ka san abin da kuka yi?"

Ya ce, "Baba, yara na shiga shafin nan. Batsar kawai aka cire."

Na zaunar da shi. Tsakaninmu da maharban Kwarin Baushe, can bayan Ajingi, wasa ne tun kakanni. Ranar buɗe farauta ake haɗuwa a fako, ba mace, ba yaro. Mai kirarinmu ya zagi matattunsu, nasu ya zagi namu. Kowace magana sai an naɗe ta da ashar gaba da baya, ita ce shaidar wasa ake. Wanda aka zaga dole ya yi dariya ya jefa goro, sannan ya rama. In ka faɗi maganar haka tsirara, ba wasa ka zo da shi ba. An daɗe da daina fakon, daji ya zama gona, yaran yanzu ba su taɓa gani ba. Amma Gwadabe ɗan Jatau yana nan da ransa, shi ne mai kirarinsu, abokin zagina tun muna samari. Idonsa ya tafi, kunnensa bai tafi ba.

Mudassir ya ce zai kai maganar guruf, wato ƙungiyar tasu ta waya.

Lahadi, bayan Azahar

Na wuni ina sauraren mutanen da ban taɓa gani ba suna rigima a kan bakina.

Akwai wani Malam Muhammad Bashir, ɗaya daga cikin masu riƙe da guruf ɗin, adimin suke ce musu. Shi ya yi yankan. Muryarsa sanyi kamar mai raba gado. Ya ce, "Jama'a, taska muka ce za mu yi, ba bola ba. 'Yata tana shiga shafin nan ta yi aikin makaranta. In ta tambaye ni ma'anar abin da dattijon nan ya faɗa, wa zai amsa mata, ku?"

Sai wata yarinya, Naja'atu, ita ma adimin ce, tana karatu a Kano. Baki gare ta kamar reza. Ta ce, "Malam, to waƙoƙin niƙa na tsofaffin mata da muka ɗauko fa? Su ma mu yanka? In muka bi haka, kakanninmu za su fito kamar mala'iku, alhali mutane ne. A sa gargaɗi a sama, wanda bai so ya wuce."

Wani ya ce ita 'yar boko ce marar kunya. Wani ya ce wa ya naɗa Malam alƙali. Wani ya yi ta jawo ayoyi, wani ya yi ta Turanci. Daga ƙarshe suka jefa ƙuri'a, masu yanka suka yi rinjaye. Babu wanda ya tambayi me ashar ɗin take yi a wurin. Yarinyar ma da take bayana, ba ta tambaya ba.

Suna da doka: adimin na iya yanka, amma cire abu ɗungurungum sai mai muryar ya ce a cire. Mudassir ya ce, "Baba, tunda ba ka yarda da yankan ba, ka ce a cire, kowa ya huta."

Na karɓi wayar, ya danna mini, na ce, "Ni Usaini. Ban ce a cire ba. A mayar mini da ashar ɗina."

Ya ce mini an yi ta sa hoton fuska mai dariya.

Talata, da yamma

Wani ya kwafe yankakken ya watsa, ya rubuta a sama wai tarihi ya tona asirin Kwarin Baushe. Ban ce a cire ba.

Laraba, bayan La'asar

Mudassir ya dawo yana tura babur da hannu, madubi a fashe, leɓensa a kumbure. Ya ce faɗuwa ya yi. Uwarsa Hanne ta dube shi ta ce, "Faɗuwa mai yatsu biyar a kumatu?"

A tashar Gaya suka tare shi. Anas, jikan Gwadabe, ɗan acaɓa, da wasu abokansa. Anas ya sa masa waya a kunne ya ce, "Muryar ubanka ce ko ba ita ba ce?" Ya ce ita ce, amma wasa ne, an yanke ne. Anas ya ce, "Ina wasan? Nuna mini inda aka yi dariya." Sannan mari. Da ya faɗi suka bi shi da ƙafa, har sai da masu shayi suka shiga tsakani.

Na ɗauko gorata zan fita. Hanne ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Malam, ina za ka da wannan gwiwar? Kazar gidan nan ma ba ka iya kama ta."

Na koma na zauna. Ba don ita ba, gwiwar ce.

Alhamis, da safe

Hanne ta ce in je wurin Gwadabe. Na ce ba haka ake yi ba, wanda aka zaga shi ke zuwa ya rama. Ta ce, "Makaho zai taso daga bayan Ajingi ya zo ya same ka kana shan kunu?" Na ce ya aiko. Ya san hanya, ya san al'ada. In bai aiko ba shi ya sani.

Na aika guruf saƙon murya na biyu, boyis suke ce masa, na yi musu bayanin fako tiryan-tiryan. Malam Muhammad Bashir ya amsa da ladabi: "Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mun ji, amma al'ada ba ta halatta alfasha." Ladabinsa ya fi marin Anas ciwo.

Asabar, bayan Asuba

An yanka Baƙi. Karen da ya rage mini ke nan, tsoho ne, haƙoransa ma sun zube. An jefo shi ta kan katanga, wuyan saura fata. Jini har jikin rumbu.

Na haƙa rami da kaina a bayan gida. Ban yarda kowa ya taɓa fartanyar ba.

Asabar, da yamma

Ban ce a cire ba.

Litinin, da hantsi

Alhamdu lillahi! Yarinyar nan Naja'atu ta yi abin maza. Ta sa cikakken a shafi ba da izinin kowa ba, ta rubuta gargaɗi a sama. Sun tuɓe ta daga adimin nan da nan, sun sauke shi sun mayar da yankakken, amma mutane sun riga sun kwafa. Na sa Mudassir ya kunna mini har sau nawa. Ga maganata a tsaye da ƙafafunta. Yanzu Kwarin Baushe za su ji su gane wasa ne.

Mudassir bai yi murna ba. Ya ce, "Baba, su waye za su gane?"

Na ci tuwo na ƙara.

Laraba, da rana

Na fita wajen mai shayi. Wani yaro mai a-daidaita-sahu ya tsaya, sai na ji muryata tana fitowa daga ƙarƙashin kujerarsa, an sa mata kiɗa irin na yanzu. Wurin da na ambaci uwar Jatau da abin da ke ƙarƙashin zanenta, shi suka yi ta maimaitawa, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Fasinjoji mata suna rufe fuska. Samari suna ta ihu, "Baba ya iya! Baba, ƙara mana ɗaya!"

A hanyar dawowa wata 'yar yarinya mai tallan gyaɗa, haƙoran gabanta ma ba su gama fitowa ba, tana tafe tana rerawa. Ba ta san abin da take faɗa ba.

A fako sau ɗaya ake faɗa, iska ta ɗauke.

Laifin masu kiɗan ne.

Juma'a, bayan an sauko

Liman bai kama suna ba. Ya ce akwai tsofaffin da ƙafarsu ɗaya ke cikin kabari amma harshensu na cikin kwata. Duk sahu ya san da wa ake. Na zauna daram har aka shafa.

An ce matan gidan Gwadabe sun daina zuwa famfo, yara na bin su da waƙar. An ce an yi wa wata jikarsa ita a makaranta har ta daina zuwa. Ni ban yi don su ba.

Gwadabe bai aiko ba.

Ranar kasuwar Ajingi, da yamma

An yi ta. Samarinmu sun je cin kasuwa, wani ya kunna abin a layin 'yan hatsi, da gangan ko ba da gangan ba. Kafin ka ce me an zare itacen rumfuna. Ɗan maƙwabcina ya dawo kai a fashe, ana ganin fari a ciki. Wani na can an ce an karya masa haƙarƙari da ma'aunin ƙarfe. Mata sun watsar da kaya suna gudu, gero ya zube ana tattakawa da jini. 'Yan sanda sun harba hayaƙi sun kwashi wanda suka samu.

Da la'asar aka hango hayaƙi ta gabas. Tarin gyaɗar mutanen Kwarin Baushe ne, wadda suka tuge ba su kai ga sussuka ba. Na san yaran da suka yi. Sun zo sun durƙusa a ƙofata suna haki, suka ce, "Baba, mun rama maka karenka." Ban ce musu sannu ba, ban kuma ce musu don me ba.

Litinin, bayan Azahar

Mai unguwa ya kira ni gaban dattawa. Ya ce, "Usaini, kalma ɗaya ake nema a bakinka. In ka ce a cire, mu sai mu ɗauka mu kai musu mu ce ga shi, mai maganar ya janye."

Na ce in na janye na yarda ke nan zagi na yi. Ni ban zagi kowa ba, wasa na yi. Masu almakashi su janye nasu.

Ya ce, "Da kai da almakashin duk ku ci gidanku." A gaban mutane. Yaron da na ga ranar sunansa.

Talata, bayan Magariba

Mudassir ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa kamar yana ƙarami. Ya ce guruf ya tarwatse, rabi sun fita, Malam Muhammad Bashir ya kashe wayarsa, Naja'atu ana aika mata saƙon za a yi mata abin da ke cikin waƙar. Sunansa ne a ƙarƙashin muryar, shi ya ɗauko, shi kowa ya sani, shi ke bin hanya kullum.

Ya ce, "Baba, ni na yi kuskure, na yarda. Kai ka ce ba na mata da yara ba ne, ban ji ba. Amma don Allah ka faɗi kalmar nan."

Na ce, "In na mutu wa ya san zambon nan?"

Ya ce, "Kowa ya san shi yanzu, Baba. Har 'yan talla."

Na ce ba shi suka sani ba.

Ya ce, "To ka je wurin Baba Gwadabe."

Na ce shi zai zo.

Ya ce, "In ba za ka je ba, ni zan je in ba shi haƙuri."

Na ce, "Je ka mana. Wa ya riƙe ka?"

Haka na ce. Na rubuta yadda na faɗa.

Laraba

Ba zan rubuta yau ba.

Alhamis, da safe

Wani mai amalanke ya kawo babur ɗin Mudassir. Na wanke kujerar, na wanke tankin. Ƙudaje sun ƙi tashi. Na sake wankewa.

Hanne ta bi motar da ta ɗauke shi zuwa asibitin Kano. Da za ta shiga na ce ta dakata in ɗauko hulata. Ta ce wa direba, "Ja mu tafi."

Asabar, da rana

Na je asibitin. Ɗaki mai gadaje da yawa, wari kamar mahauta da yamma.

Mudassir bai kai ga Kwarin Baushe ba. A hanya aka tare shi da adda, tsakanin gonakin da aka ƙone. Wuya suka nufa, ya sa hannu ya kare. Likita ya ce da ya zo da wuri da wataƙila. Ya yi ta bayani yana nuna mini wuyan hannunsa shi, yana ja da yatsa daidai inda suka yanke hannun. Na dama ne.

'Yan sanda sun tambaye shi ko ya gane fuska. Ya ce bai gane ba. Ƙarya yake, na san idonsa.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. Ya gwiwar?" Shi ke nan abin da ya ce mini.

Hanne ba ta dube ni ba. Tana ta kore ƙuda daga kan bandejin.

Lahadi, bayan La'asar

Na sa ɗan maƙwabci ya kira mini Naja'atu. Kuka take kafin in yi magana. Ta ce, "Baba, ni na sa cikakken, ni na jawo." Na ce ta yi shiru ta buɗe abin ɗaukar murya.

Na ce, "Ni Usaini. A cire."

Ta ce za ta kai wa adimin ɗin da suka rage. Kafin Azahar aka ce an cire, yankakken da cikakken duka.

Da La'asar wani ya wuce ta bayan katangata a kan babur, muryata tana tashi daga aljihunsa.

Litinin, da yamma

Samarinmu na wasa adda a bayan makarantar allo. Ba ɓoyewa suke ba, ana jin ƙarar dutsen har nan. Sun ce jibi za su faɗa wa Kwarin Baushe. Sun ce hannu ɗaya, hannu goma. Mai unguwa ya kwanta ciwon da ba ciwo ba.

Na sayi goro.

Talata, bayan Isha

Na dawo da raina. Bari in rubuta tun ban fara gyara shi a zuciyata ba.

Na hau mota zuwa Ajingi. Daga nan duk ɗan acaɓar da na ce wa Kwarin Baushe sai ya dubi fuskata ya ja gaba. Na tafi da ƙafa, ni da sanda. Na wuce wurin da aka sari Mudassir. Ƙasar ta yi baƙi-baƙi a gefen hanya, wani ya zuba yashi amma bai rufe ba.

Tun kafin in shiga gari aka gan ni. Suka fito da gora da adda, suka kewaye ni. Wani ya fizge hulata, wani ya doke sandar, na faɗi a kan gwiwar. Wani ya tofa mini yawu a gemu. Na ce, "Ku kai ni wurin Gwadabe, in ya ce ku yanka ku yanka." Suka ja ni a ƙasa har ƙofar zaurensa.

Yana zaune a kan buzu, ya rame kamar kara. Ya ɗaga hanci ya ce, "Warin wane tsohon jaki nake ji?"

Na ce, "Wanda ya fi ka ne, makahon banza."

Ya ce, "Sai yau?"

Na ce, "Kai nake jira. Wanda aka zaga ke zuwa."

Ya ce, "Ƙaryarka ta sha ƙarya. Mai farawa ke kiran fako. Kullum ina zaune a nan ina cewa yau zai zo, gobe zai zo. Ka zagi ubana a cikin waya, Usaini. A ina zan tsaya in rama? In shiga cikin wayar?"

Na ce a wurinmu wanda aka zaga ke zuwa. Ya ce a wurinsu ba haka ba ne. Muka yi ta musu, mu biyu, yara na tsaye a kanmu da adda. Babu na ukun da za a tambaya, duk sun mutu.

Can ya ce, "A kori mata da yara daga layin nan. Duk mai waya ya zuba ta a ƙwaryar can. Wanda ya ɓoye tasa, ban yafe ba." Suka yi ta kallon juna, amma suka zuba. Ya ce, "To, ga fako. Fara. Cikakke, kada ka tsallake ko ɗaya."

Anas na tsaye a bayansa, adda a hannu. Tunda na shigo bai yarda mun haɗa ido ba. A nan na san wanda Mudassir bai gane ba.

Na miƙe na fara. Na ɗura ashar ta farko, na ji an ja numfashi. Na bi ta kan uwar Jatau, na bi ta kan wandonsa, har na iso wurin ƙaninsa da karyayyar ƙafa. Anas ya yi taku ɗaya. Na ga ƙarfen ya ɗaga.

Sai Gwadabe ya fashe da dariya. Ba dariyar daɗi ba ce, daga ƙirji ya tono ta, ruwa na zuba daga matattun idanun nan, amma ya yi ta har da buga cinya. Ya laluba aljihu ya jefo goro, ya doke ni a ƙirji. Ya ce, "Zauna, Anas, kakanka ake zagi kana tsaye kamar dogari. Kai kuma Usaini, yanzu ka ji naka."

Ya gyara zama ya fara. Wallahi tsohon nan bai manta komai ba. Ya kwance wa ubana zani a gaban yaran nan, da abin da aka ce ya yi a shekarar yunwa. Ba zan rubuta shi ba. Yaran suka fara murmushi, wani ya tuntsire, addunan suka fara sauka ƙasa. Na yi dariya inda ake dariya, na saba.

Na ɗauka ya gama. Sai ya ƙara wani baiti da ban taɓa ji ba, sabo, nasa. Ya naɗe shi da ashar gaba da baya yadda ya kamata, ba inda zan kama shi da laifi. A tsakiya ya ce: Usaini na Balan, aka ce zaɓi bakinka ko hannun ɗanka, ya ce a bar masa bakin.

Duk suka zuba mini ido. Gwadabe ya karkato kunne yana jira.

In ban yi dariya ba, ba wasa ba ne. In ba wasa ba ne, abin da samarinmu suka shirya gobe yana nan.

Na yi dariyar. Ban san daga ina ta fito ba, kamar ana zare mini hanji ta baki. Na yi ta har kowa ya ji, har na layin baya. Na ciro goro na jefa. Hannuna ya kauce, ya faɗi a gaban Anas. Ya tsaya yana kallon sa. Gwadabe ya ce, "Ɗauko mini, kai." Ya ajiye addar ya ɗauko.

Da zan tafi Gwadabe ya riƙe rigata ya ce a hankali, "Yaron fa?" Na ce yana nan. Ya ce, "Jikana kuwa, zan kai shi wurin hukuma da kaina." Na zare rigata na kama hanya.

Laraba, da safe

Na je bayan makarantar allo na sami samarinmu. Na ce an yi fako, an zaga, an rama, an jefa goro, magana ta mutu. Duk wanda ya taka hanyar gabas da ƙarfe, ni ya sara. Wani ya ce, "Baba, hannun Malam fa?" Na ce, "Naka ne?" Suka yi ta gunaguni, amma ba su tafi ba.

Naja'atu ta kira ta wayar ɗan maƙwabci. Ta ji labari, ta ce ko zan ba taska ramuwar Gwadabe, a ajiye kawai, ba za a sa a shafi ba. Na ce ta gaishe da mutanen gidansu.

Juma'a, da rana

Na koma asibiti. Na ba Mudassir labari duka, ban da baitin ƙarshe. Ya saurara idonsa a rufin ɗaki. Ya ce, "To madalla."

Hanne ta kawo shinkafa da wake ta fita ɗebo ruwa. Na jawo kwanon, na wanke hannu, na ɗebo loma na kai masa baki. Ya kau da kai.

Ya ce, "Bar shi, Baba. Gara in fara koya."

Ya jawo kwanon da hagu. Rabi na zuba a kan zanin gado, rabi na shiga. Na zauna da lomar a hannuna har ya cinye.